Daga farin dutse zuwa cikin rediyo

Yara, kun taɓa ganin cikin rediyo ko wayar hannu? Akwai wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu ƙafafu da yawa. A cikinsu akwai wani sinadari da ake kira silikon. Da Faransanci sunansa silicium.

Silikon yana da yawa a doron ƙasa. Yana cikin rairayi da farin dutse mai ƙyalli. Amma ba shi kaɗai yake ba, a haɗe yake da wasu abubuwa. Dole sai an tace shi.

Da farko, ana zuba farin dutse da gawayi cikin babbar tanda ta lantarki. Zafinta yana kai digiri 2000. Silikon ɗin da ke fitowa yana da sauran datti: kashi 1 ko 2 cikin 100. Wannan datti kaɗan ne a ido, amma ya isa ya hana na'ura aiki.

Don haka sai a mai da silikon ruwa-ruwa da wani sinadari. A dafa shi ya zama tururi, a tara tururin, dattin ya rage a baya. A ƙarshe silikon yakan yi tsabta ƙwarai. Misali, kamar a sami ƙwayar dawa 1 tak cikin ƙwayar hatsi miliyan 1000.

Daga nan sai a narka shi cikin tukunya, da zafin da ya wuce digiri 1400. A tsoma ɗan guntun silikon a bisa narkakken, a riƙa juya shi, ana jawo shi sama sannu-sannu. Silikon yana daskarewa jikinsa har ya zama kamar babbar taɓarya. In aka yi gaggawa, aikin ya lalace.

Wani masani ɗan ƙasar Polan, Yan Cokaralski, ya gano wannan dabara a 1916. An ce ya yi kuskure ne, ya tsoma alƙalaminsa cikin narkakkiyar kuza maimakon tawada. Da ya jawo, sai ya ga siririn zaren ƙarfe.

Ana yanka taɓaryar nan faifai-faifai. Kaurin kowane bai kai milimita 1 ba. Da su ake yin ƙwaƙwalwar rediyo da waya, da faifan hasken rana da muke gani bisa rufin ɗakin magani.

Tambayoyi
1. Ina ake samun silikon?
2. Don me ake tace shi?
3. Mi zai faru in aka jawo guntun da gaggawa?
4. Wa ya gano dabarar, a wace shekara?