Haɗa Kwamfutar Gem Mai Matsakaicin Kuɗi: Wane Sashe Ya Fi Cancantar Kuɗin?

Matashin da ya saba buga PUBG Mobile ko Free Fire a waya, idan ya tashi sayen kwamfutar tebur, tambayoyi biyu yake zuwa da su kasuwa: "RAM nawa ce?" da "Core i7 ce?" A waya irin waɗannan tambayoyi sun kusa wadatarwa, domin furosesa da sashen da ke zana hoto duk a guntu ɗaya suke, kamar Snapdragon ko Helio. A kwamfutar tebur kuwa kowanne daban yake, da farashinsa daban. Shi ya sa ake samun wanda ya zuba kuɗin da ya shekara yana tarawa a kan i7 da RAM 32GB, ya koma gida ya tarar GTA V na ta kakkatsewa, saboda ya manta da katin hoto.

Katin hoto, wato GPU, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a cikin gem. Shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kasafin, kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Amma kafin a zaɓe shi sai an san irin monitar da zai yi wa aiki. Monita mai 1080p tana da ɗigon hoto kimanin miliyan 2, mai 1440p kuma kimanin miliyan 3.7. Kati ɗaya zai yi gudu a ta farko ya yi nishi a ta biyu. Ga mai matsakaicin kuɗi, 1080p mai 144Hz ita ce ta dace, kuma wanda ya taɓa riƙe waya mai allon 120Hz ya san santsin da ake magana.

Katunan da suka dace da wannan mataki

A wannan rukuni akwai RTX 3060 da RTX 4060 na Nvidia, da RX 6600 da RX 7600 na AMD. RTX 3060 ya fito a 2021 da ma'ajiyar hoto 12GB, yana jan wuta kimanin watt 170. RTX 4060 ya fito a 2023, ya fi shi sauri, watt 115 kacal yake ja, sai dai ma'ajiyarsa 8GB ce. Ga masu buga eFootball, Valorant, Fortnite da GTA V, 8GB ta isa har da saura. Sababbin manyan gem ne suke fara matsa mata idan aka ɗaga kyawun hoto zuwa ƙarshe. Wanda ke kan sola da inbata, bambancin watt 55 ɗin nan zai gan shi a batir kowane dare, don haka 4060 ya fi masa. A kula kuma, akwai RTX 3060 mai 8GB, suna ɗaya amma bai kai mai 12GB ƙarfi ba.

Katin hannu yana da araha, kuma a nan ne aka fi cutuwa. A watan Satumba na 2022 Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wurin haƙo kuɗin kirifto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a zahiri ƙarfinsa na RX 570 ne. Ko a Computer Village da ke Ikeja mutum zai saya, ko a wurin wani a WhatsApp, kada kuɗi su fita sai an jona katin a gabansa, an buɗe manhajar GPU-Z ta nuna ainihin sunansa, sannan an kunna FurMark na kamar minti goma sha biyar. Idan allo ya fara fitar da layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko kwamfutar ta mutu, a ajiye shi. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada, a bar masa kayansa.

Furosesa, madabod da RAM tare ake zaɓen su

Furosesa mai ƙwaya shida ta isa. Ryzen 5 5600, Core i5-12400F da Ryzen 5 7600 duk suna ɗaukar katunan da aka ambata ba tare da sun ja su baya ba. Abin da ke rikita mutane shi ne sunan i7. Core i7-4790 ta 2014 ce, ƙwaya huɗu gare ta, kuma i5 ta ƙarni na 12 ta yi mata nisa sosai. Ba ta ma cikin jerin da Microsoft ta amince da su don Windows 11, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025. Lambar ƙarni ake dubawa kafin lambar i5 ko i7.

Kowace furosesa tana da mazauninta a madabod, wato babban allon da ake dasa komai a kai. Ryzen 5 5600 tana zama a AM4, da allo irin B550 da RAM nau'in DDR4. Ryzen 5 7600 tana son AM5, da allo irin B650, kuma DDR5 kaɗai take karɓa. Ita kuwa i5-12400F mazauninta LGA1700 ne, kuma allunanta wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, sai an karanta jikin kwali. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, ko an danna. Shafin PCPartPicker yana nuna irin wannan saɓani kyauta, daga waya ma ana iya dubawa.

AM4 ya fi araha, AM5 ya fi barin ƙofar ƙarin girma nan gaba. Idan kuɗin komawa AM5 zai sa a sauka daga RTX 4060 zuwa katin da bai kai shi ba, gara a zauna a AM4.

RAM 16GB ta isa, amma a saye ta sanda biyu na 8GB maimakon sanda ɗaya na 16GB, domin biyun suna aiki ta hanyoyi biyu a lokaci guda. A allo mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu ake sawa. Sannan a shiga BIOS a kunna XMP, ko EXPO a AM5, in ba haka ba za ta yi gudu ƙasa da wanda aka biya kuɗinsa. Ma'ajiya kuwa, SSD nau'in NVMe mai 1TB. Call of Duty kaɗai na iya cin fiye da 100GB.

Wuta, zafi da ƙura

Bidiyoyin YouTube na Amurka da Turai suna wuce batun akwatin wuta, wato PSU, cikin daƙiƙa kaɗan, domin wutarsu ba ta rawa. A Kano ko Damagaram lissafin daban ne. PSU shi ne ke tsakanin wutar gari da duk kayan da aka kashe wa kuɗi, kuma maras kyau idan zai mutu yakan tafi da madabod ko katin hoto. Mai watt 550 zuwa 650 daga kamfani sananne, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, ya wadatar. Wanda ke zuwa kyauta a cikin gidan kwamfuta mai araha, an rubuta masa 500W amma ba shi da nauyi a hannu, ba na gem ba ne. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce. Tsofaffin PSU da aka shigo da su daga Amurka kuma wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a wutar nan, nan take zai ƙone.

UPS ma a sa shi cikin kasafi tun farko. Lambar VA da ke jikinsa ba watt ba ce: mai 650VA yawanci watt 360 zuwa 390 yake iya ɗauka. Haɗin Ryzen 5 5600 da RTX 4060 da monita bai cika wuce watt 300 ba, to ya kusa cika shi. Mai 1000VA ya fi kwanciyar hankali. Aikinsa ya ba da 'yan mintuna a kashe kwamfuta lafiya ko a tayar da janareta, ba a ci gaba da gem ba.

Gidan kwamfuta mai gaban gilashi da fitilu kala-kala yana kyau a hoto, amma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mai gaban raga da fankoki biyu ko uku ne ke barin iska ta shiga. Lokacin hunturu ragar kan toshe da ƙura cikin 'yan makonni, sai an riƙa cire ta ana kaɗewa, kuma a ɗora kwamfutar a kan tebur maimakon ƙasa.

Bayan an gama haɗawa, wayar monita a bayan katin hoto ake jona ta, ba a ramin madabod da ke sama ba. Ryzen 5 5600 da i5-12400F ba su da sashen hoto na kansu, don haka ramin saman ba zai nuna komai ba, mutum ya ɗauka wani abu ya ƙone. Windows kuma takan bar monita a kan 60Hz har sai an shiga saitin allo an mayar da ita 144Hz da hannu.