Ma'aikaci, Duba Shekarar Takardar da Kake Hadda

Da jarrabawar ƙarin girma ta matso, sai ka ga ma'aikata daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa suna rububin wasu tsofaffin tambayoyi da amsoshi a shagon kwafar takardu. An yi ta kwafa har rubutun ya dushe, babu sunan marubuci, babu shekara. A ninke a cusa a aljihu, a yi ta hadda a cikin mota har Kano. In ka yi magana a ce, "Ai ita su wane suka karanta suka ci."

To, su wane sun ci a zamaninsu. Doka ba ta tsaya jiran kowa ba.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya tafi asusunsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe shi. Ta kuma ce rushe zaɓaɓɓun shugabanni a ɗora kantomomi ya saɓa wa sashe na 7 na tsarin mulkin 1999. Amma har yau akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda albashinsa daga wannan kason yake fitowa, da zai rantse maka naɗa kantoma ikon gwamna ne, don kuwa haka tsohuwar takardarsa ta faɗa. Wannan sakaci har ina? Gaskiya aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma in an tambaye ka matsayin doka, abin da kotu ta faɗa za ka rubuta, ba abin da ka saba gani a sakatariya ba.

Sai shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ma'aikatan Tarayya ta 1981, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ba a korar ma'aikacin gwamnati don an ga dama, sai an bi ƙa'idojin aiki. Haɗa ta da sashe na 36 na tsarin mulki, haƙƙin a ji ta bakinka. Wannan ko ba jarrabawa, ranar da takardar tuhuma ta sauka a teburinka za ta yi maka rana.

Saboda haka duk takardar da ba ta da shekara, ajiye ta. Nemi tsarin mulki mai gyare-gyaren 2023, ko a waya ne. Kowane hukunci ka rubuta shekararsa, waɗanda suka yi shari'ar, sashen da ya taɓa, da abin da kotu ta ce, a layi huɗu da hannunka. Malam ma'aikaci, kafin ka biya mai shago kuɗin kwafi, tambaye shi yaushe aka rubuta ta.