Harafi da Ɗigo: Me Ya Sa Hoto Ke Toshe Firinta?

A duk lokacin da ɗalibai suka dawo daga tattaro bayanai a ƙasashen Madawa, Buza da Keita, wayoyinsu kan cika da hotunan takardun ajami da na littattafan da suka rubuta maganar Aderanci a ciki. Da an tura waɗannan hotuna zuwa firintar da sashe ke tarayya a kanta, sai layi ya cunkushe, aikin kowa ya tsaya. Laifi kan faɗa wa rezo, alhali tushen matsalar yana cikin yadda kwamfuta ke ajiye rubutu da hoto.

Rubutu alama ce: kowane harafi yana da lambarsa. A tsarin UTF-8, b kan ci bayit 1, masu lanƙwasa kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, bayit 2 kowannensu. Shafi mai haruffa 3,000 bai wuce kilobayit 3 da ɗan wani abu ba. Hoto bai san harafi ba, ɗigo kawai ya sani. Takardar A4 a kan ɗigo 300 cikin inci tana da ɗigo 2,480 a faɗi, 3,508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. Kowane ɗigo mai launi yana cin bayit 3, jimla kimanin megabayit 26, fiye da ninki 8,000 na shafin rubutu.

To me ya sa hoton bai kai haka nauyi a waya ba? Domin tsarin JPEG ya matse shi. Amma akwai manhajar da ke yin tafinta tsakanin kwamfuta da firinta, sau da yawa kuwa takan warware matsin kafin ta aika. Shafi 40 irin wannan sun haura megabayit 1,000, kuma tilas su bi layi ɗaya, su jira a ƙaramar ma'ajiyar firinta.

Magani yana cikin lissafin. Komawa ɗigo 150 yana mayar da nauyi kashi ɗaya cikin huɗu. Cire launi, kashi ɗaya cikin uku. Sai dai mai nazarin ajami ya yi hattara: ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi don nuna wasalin e yana iya dusashewa, wasullan da aka sa da jar tawada kuma su saje da baƙi. Abin da ya ɓace nan hujja ce.

Saboda haka a adana asalin hoto yadda yake, a buga mai launi ga shafukan da nazari ya rataya a kansu kaɗai. Jimlolin Aderanci kuwa a shigar da su kwamfuta da haruffa, sun fi sauƙin bugawa, ana kuma iya laluben kalma a cikinsu.