Daga Ni Sai Ke: Amarci a Birnin Alƙahira

(Sautin hayaniyar titi, da ƙarar ƙarfe ana bugawa)

 Wannan ƙarar da kuka ji ba daga maƙera take ba. Mai sayar da gas ne a wata unguwa ta birnin Alƙahira, yake ƙwanƙwasa tukunya da sifana don matan saman bene su san ya iso. Can hawa na biyar wata 'yar Kano ta leƙo ta baranda tana ɗaga masa hannu. Ita da maigidanta ne baƙinmu na yau. Sun roƙi a sakaya sunansu, saboda haka shi za mu ce masa Malam, kamar yadda take kiransa, ita kuma amarya, ko da yake ta kusa shekara biyu a ɗakinta.

Malam ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Azhar. Hanyar da ya biyo tsohuwa ce. An kammala masallacin Azhar a shekarar 972, tun a ƙarni na 13 kuma masarautar Kanem ta mallaki makaranta a Alƙahira domin ɗalibanta da alhazanta. A cikin Azhar ma an taɓa ware wa Barnawa sashe. Mutanen da sukan yi wata da watanni a hanya. Shi kuwa Malam ya yi asuba a Kano, ya yi la'asar a Masar. Shekara huɗu ya yi yana gwauranci a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi, kafin ya koma gida a ɗaura masa aure. Da ya dawo da iyali sai ya kama haya a Hayyul Ashir, unguwar da ke gefen Madinat Nasr, inda 'yan Afirka suka yi yawa.

Kun dai san yadda ake kai amarya a ƙasar Hausa. Gwaggo da inna su raka ta da guɗa, ƙawaye su sayar da baki, a bar mata 'yar zaman ɗaki, gara ta biyo baya. Ita wannan, sati biyu da biki, ta buɗe ido a cikin ɗaki biyu da falo, babu wanda ta sani a duk faɗin ƙasar sai mutum ɗaya, shi ma bai wuce sanin zance a zaure ba. Ta ce da safe in ya tafi makaranta, shirun gidan har ƙara yake yi mata a kunne.

Sai maganar harshe. Amarya ta yi Islamiyya, ta sauke Alƙur'ani, ta ɗauka Larabci ba zai gagare ta ba. Ranar farko da ta sauka kanti ta jero wa mai shago Larabcin littafi, da wasali da komai. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya yi murmushi ya ce sadaƙallahul azim. Tsohuwar zolaya ce da Misirawa ke yi wa ɗalibai baƙi, amma ita ranar ba ta yi dariya ba. A hankali ta gane cewa a bakinsu "ja" ta koma "ga", "ƙa" kuwa haɗiye ta suke yi. Gurasa ma ba sunan littafi suke kiranta da shi ba, "aish" suke cewa, wato rayuwa. Malamarta ta gaskiya ita ce wata dattijuwa maƙwabciyarta, wadda ta koya mata zura kwando da igiya daga baranda: ki sa kuɗi, yaron kanti ya zuba miki tumatir, ki janyo abinki, ba hawa ba sauka.

Madafa ce ta fara kwantar mata da hankali. Ganyen da suke kira mulukiyya, da ta murza ta shinshina, ashe lalo ne. Karkade zoɓo ne, bamiya kuɓewa ce. Shinkafar Masar kuwa gajeriya ce mai danƙo, kamar don tuwo aka halicce ta. Abin da babu shi ne daddawa da kuka da yajin gida, shi ya sa duk wanda aka ji zai taso daga Kano sai jakarsa ta yi warin daddawa, ko yana so ko ba ya so.

Tunda na ambaci yaji, bari in faɗa muku, yaji iri biyu ne ya yi wa amarya wuya a Masar. Na farko na miya. Na biyu shi ne wanda mace kan yi in ranta ya ɓaci. Wata huɗu da zuwanta suka yi saɓani a kan kuɗin cefane, magana ta yi tsami. Ta zari mayafi ta sauka hawa biyar a fusace. A bakin ƙofa maigadin benen, wanda suke kira bawwab, ya miƙe ya ce, sai ina Madam? Nan ta yi turus. Sai ina ɗin? Gidansu yana bayan hamada, babu yayar uwa, babu gidan wa. Ta zagaya layin sau biyu, ta sayi gurasa mai zafi ta hau sama. Ta tarar da Malam a tsaye da takalmi ƙafa ɗaya, ya rasa inda zai nufa biko.

Ta ajiye gurasar ta ce, "Malam, ga shi da zafinta."

Ya ce, "Sannu da hanya. Ya mutanen gidan?"

Dariyar da suka yi ita ta kashe maganar. A nawa ganin, masu sauraro, nan ne aurensu ya fara tsayawa da ƙafarsa. A gida da an kira waliyyai, magana ta bi ta bakin mutum goma, kowa ya ƙara gishirinsa. A nan dole suka koyi abin da wasu ma'aurata kan shekara ashirin ba su iya ba, wato su zauna su biyu su ƙare zance. Ba na cewa dangi ba su da rana, za ku ji ranarsu nan gaba.

Shi kansa kuɗin cefanen yana da dalili. A watan Yunin 2023 darajar naira ta faɗi warwas, abin da ake turo wa Malam daga gida ya zama kamar an gutsure shi. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ma ya rikito, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Yanzu Malam yana yi wa 'yan Najeriya masu zuwa neman magani tafinta, ita kuma tana soya cincin da dambun nama tana sayar wa ɗalibai. Daga cikin wannan suke tsakurar na yawo, suna tarawa a gwangwanin madara.

(Sautin jirgin ƙasa)

Tafiyarsu ta farko Iskandariyya ce, awa uku ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Sun leƙa katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, sun hau ganuwar Ƙaitabai da aka gina a ƙarni na 15 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Amma ita duk ba wannan ya tsaya mata a rai ba. Teku ne. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na madatsar Tiga ba, ta tsaya tana neman ɗaya gaɓar ta rasa. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta kira mahaifiyarta a waya ta ce, Umma, wallahi da gaske gishiri ne.

Dalar Giza kuwa sun je sau ɗaya, ya ishe su. Wani mai raƙumi ya ce hawa kyauta ne, ashe sauka ce ta kuɗi. Malam har yau ba ya son a tayar da zancen: Bakano guda, a ce an yi masa wayo a kan raƙumi.

Wadda suka fi yawan ba da labarinta ita ce tafiyar Aswan, kusan kilomita 900 kudu, dare guda cur a jirgi. A Alƙahira, amarya ta ce, ba a rasa yaran da za su bi ka da ido ko su jefo maka kalma saboda launin fatarka, har ka saba da yin kamar ba ka ji ba. A Aswan ta sauka cikin Nubawa, mutanen da aka tayar da ƙauyukansu da dama lokacin gina babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970. Baƙaƙe ne kamarta, ga zoɓo tuli a kasuwa, ga rana irin ta gida. Wata mata a cikin kwalekwale ta yi ta yi mata magana da yarensu, ta ɗauka 'yar gari ce. Kwana uku suka yi, babu wanda ya waiwayo ya kalle ta sau biyu.

Yanzu gwangwanin madarar ya canza aiki, domin amarya tana da juna biyu, wata bakwai. A al'ada gida za ta tafi goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, a yi mata wankan jego. Kuɗin jirgi ya ce a'a. Ga ranar dangin da na ce za ku ji: duk fahimtar junan da suka yi, babu wanda ya san yadda ake gasa jariri a cikinsu. Saƙon da ya iso makon jiya bai tsaya a daddawa ba, har da kanwa da gero da yajin jego. Ranar da muka ziyarce su mun tarar an jingina waya da tukunya, Umma tana kallo daga Kano, Malam ɗalibin shari'a ya naɗe hannun riga yana koyon dama kunun kanwa. Surukar tasa ba ta kama sunansa, shi ma kansa a sunkuye yake don kunya, sai dai ta ce wa 'yarta, gaya masa ya rage wuta, zai yi gudaji.

Ya rage wutar. Ya yi gudajin.