Samanja Mazan Fama: Shin Ɓata Hausa Ya Yi?

Ranar da labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya iso Katsina, cikin watan Nuwamban 2023, majalisarmu da ke daura da Hasumiyar Gobarau ba ta da wata hira sai ta Samanja Mazan Fama. Dattawa suka shiga tuna yadda gida ɗaya mai akwatin talabijin kan cika maƙil da yaran unguwa idan NTA Kaduna ta sako wasan. Wasu suka ce darajarsa ita ce uba da 'ya'yansa kan kalle shi tare, babu mai sunkuyar da kai. Wani malamin makaranta kuwa ya kafe cewa Samanja ɓata Hausa ya yi.

A nan na saɓa masa. Marigayin, Banufe kuma tsohon soja, Hausar bariki ya ɗauko, wadda Tibi da Bayarabe da Bahaushe suka fahimci juna da ita a runduna ɗaya. Sunan Samanja ma daga muƙamin sajan manjo aka aro shi. Abin takaici, ɗalibaina masu son nazarin Barikanci galibi da guntayen wasan da ke YouTube suke dogaro.