Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Mai Saye Ke Canza Ra'ayi?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya aiko da tambaya: me ya sa mutum zai sayi mudun wake na farko ba ciniki, amma a na huɗu sai ya tsaya taya-taya?

To malam, masana tattalin arziki sun daɗe da duba wannan. Francis Edgeworth ne ya fara bayaninsa a shekarar 1881, sannan Vilfredo Pareto, mutumin Italiya, ya faɗaɗa shi a 1906. Mu kira shi "layin duk ɗaya".

Ga misali. A ce kana da gero mudu 10, wake mudu 1. Waken ya yi maka kaɗan, don haka ka yarda ka ba da gero mudu 3 a ba ka wake 1. Ka koma 7 da 2 ke nan. Daga nan mudu 2 kawai za ka bayar, ka koma 5 da 3. Gaba kuma, da kyar ka ba da 1, ka koma 4 da 4. Waɗannan haɗe-haɗe huɗu duk ɗaya ne a wurinka. In aka ɗiga su a takarda aka haɗa, sai layi ya fito a lanƙwashe kamar baka. Dalilin lanƙwasar shi ne, abin da ya yi yawa a rumbu darajarsa raguwa take a idon mai shi, wanda ya yi ƙaranci kuwa tasa hawa take.

Yanzu sai kasuwa ta shigo. A ce kuɗin wake mudu 1 daidai yake da na gero mudu 2. Mudu na biyu riba ne gare ka, tunda ka shirya ba da 3. Na uku, ba riba ba faɗuwa. Na huɗu kuwa ba za ka saya ba, sai an rage.

Saboda haka ɗan kasuwa, mai saye ba rowa yake ba. Buƙatarsa ce ta ragu. Kai kuma manomi, kada ka sayar da wakenka kaf da kaka. Ranar da ya ƙare a gida, komai tsadarsa sai ka saya.

Allah ya ba da kasuwa, amin.