Idan jikin yaro yana sandarewa ko murɗewa: abin da uwa ya kamata ta sani

Uwargida, akwai yaran da idan an ɗauke su sai su banƙare, ƙafafu su harɗe kamar almakashi, hannu ya dunƙule. Wasu kuma da zarar sun miƙa hannu za su kama abu, sai wuya da hannu su murɗe ba da sonsu ba. A unguwanninmu na Sakkwato akan ce iskoki ne, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. Sau da yawa lalurar galahanga ce, wato rauni da ƙwaƙwalwa ta samu tun ana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya.

Doguwar naƙuda, sanƙarau da shawarar jarirai suna cikin manyan dalilai. Shawara mai tsanani ta fi haddasa nau'in murɗewar. Don haka idan idon jariri ya yi rawaya a makon farko, a kai shi asibiti a ranar. Shanya shi a rana ba ta wadatar ba, kuma a nisanta kafur daga kayansa.

Ki lura, wannan murɗewa ta bambanta da farfaɗiya. Yaron yana cikin hayyacinsa, kuma jikin yakan saki idan ya yi barci. Ciwo, zazzaɓi, taurin bayan gida da hayaniya suna ƙara ta. Ki ɗauki bidiyo da wayarki lokacin da abin ya taso, zai taimaki likita.

Raunin ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, amma ba ya ƙaruwa, kuma kulawa da wuri tana hana gaɓoɓi ƙagewa. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai likitocin yara da sashen fisiyo, inda ake koya wa uwa yadda za ta zaunar da yaro, ta ciyar da shi, ta motsa masa gaɓoɓi. Kada a miƙe gaɓa da ƙarfi. Maganin sassauta jiki irin baclofen sai da umarnin likita, kuma ba a daina shi kwatsam.

Idan sandarewar ta ƙi lafawa, ga zazzaɓi, gumi, ko fitsari kamar ruwan shayi, a garzaya asibiti.

Da yawa daga cikin yaran nan suna fahimtar magana sarai. Ki riƙa yi masa hira, kada a ɓoye shi a ɗaki. Allah Ya ba yaranmu lafiya.